Sannu-Sannu da Sarakunansa Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ya yi a garejin motocin bas na gari, cikin wani ɗan ofis mai taga ɗaya da ke kallon inda motoci ke juyawa. A takarda, aikinsa tsara jadawali ne: wane direba zai ɗauki wace mota, ya bi wace hanya, da ƙarfe nawa. Amma duk wanda ya taɓa aiki a garejin ya san ainihin aikin ba a allo yake ba. Direbobi sittin ne da kwandastocinsu, kowa da zafin kansa, kuma ba a yin mako guda wani bai rantse cewa ba zai ƙara haɗa hanya da wani ba.

Idan rigima ta tashi, ba ya haɗa mutum biyun a ɗaki ɗaya. Sai ya kira na farko, ya zuba masa shayi, ya bar shi ya zazzage cikinsa har ya gaji. Washegari ya kira na biyun. A rana ta uku sai su tsinci kansu a mota ɗaya, kowa yana ganin shi aka ba haƙuri. Da mutum ya ɗaga murya sai ya ce, "A bi sannu-sannu." Daga nan sunan ya kama shi, har sababbin ma'aikata suka ɗauka sunan yanka ne.

Wata Talata da safe yana rubutu a allo, alli ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙafar hagu ta ƙi shi. Birki ne ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa mota, wani tsohon direba da suka fara aiki wata ɗaya, wanda ya sami sunansa saboda yadda yake tsayawa har fasinjoji su yi karo da kujerar gaba. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo. Ya tashi, amma hannun hagu ya yi nauyi, harshe ma ya yi nauyi, garejin kuma ya sallame shi da agogon bango da takardar yabo.

Wata huɗu ya yi a kujerar falo yana kallon labule. Mutumin da a da ake layi a ƙofarsa, yanzu ko gishirin abincinsa ba a tambayarsa. Matarsa na yi masa magana da ƙarfi kamar kunne ne ya shanye. Auta, 'yarsu ta ƙarshe wadda ke aure a bayan layinsu, kullum tana tafe da abin awon jini.

Mijin Auta ne ya kawo kwamfutar. Injiniya suke ce masa, don yana gyaran na'urorin asibiti. Likitar gashin ƙashi ta ce a nemo wa Baba abin da zai sa yatsun hagu su riƙa motsi, shi ne ya zo da tsohuwar kwamfutarsa, ya ɗora a teburin guga, ya durƙusa gefen kujera.

"Baba, wasa ne, amma na manya ne. Ga taswira. Wannan ɗan garin naku ne, ku gina shi, ku faɗaɗa. Sauran sarakunan nan duk kwamfuta ce ke juya su."

"Yaƙi ne ke nan? Ni da ko kaza ban iya yankawa?"

"Ba dole ba ne. Kuna iya aika jakada, a ƙulla yarjejeniya. Idan ƙaramar ƙasa ta ga ba ta da mafita, sai ta yi muku mubaya'a. Ta riƙe sarkinta da tutarta, ta riƙa aiko muku da haraji da mayaƙa, ku kuma ku kare ta."

Sannu-Sannu ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ɗora hannun hagu a kan linzamin kwamfutar, ya ce, "Ina wurin jakadan?"

Cikin mako biyu ya san kowane sarki da halinsa. Sunayen da wasan ya ba su sun yi wa harshensa tsawo, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Jar Tuta, babba mai faɗa, wanda ya ce halinsu ɗaya da wani direba da aka taɓa kora. Akwai Uwar Tsibiri mai son kyauta. Akwai kuma wani ƙaramin sarki a bakin teku, gari biyu kacal gare shi da wurin haƙar gishiri, wanda Jar Tuta ya kewaye zai haɗiye. Sannu-Sannu ya shiga tsakani, ya ba Jar Tuta dawakai da wani filin kwari da ba ya amfani da shi, aka janye. Sarkin Gishiri ya aiko da mubaya'a, da kalmomin godiya har layi uku.

Sannu-Sannu ya riƙe shi kamar ɗan riƙo. Ya rage masa haraji, ya gina masa ganuwa, ya buɗe masa hanyar kasuwa. A wurin cin abinci yakan ce, "Yau na leƙa Sarkin Gishiri, ya samu gari na uku," matarsa ta ce, "To, madalla, Allah ya raya," tana dariya a bayan hannu.

Bayan mako shida, Uwar Tsibiri ta nemi taimako, ya tura mayaƙansa duka arewa. Suna juya baya Sarkin Gishiri ya yage yarjejeniyar, ya buɗe wa Jar Tuta hanya ta cikin ganuwar da shi Sannu-Sannu ya gina masa. Saƙon da ya aiko layi ɗaya ne: lokaci ya canza. Kafin la'asar an ƙone babban birnin Sannu-Sannu.

Matarsa ta same shi yana yi wa allon magana, jijiyar wuyansa ta tashi. "Me na yi maka? Ka faɗa mini me na yi maka!" Bai ci abinci ba ranar. Da Auta ta auna shi, ba ta ko faɗi lambar ba, ta kira mijinta ya kawo mota. Kwana biyu ya yi a gadon asibiti.

Da ya dawo, kwamfutar ba ta kan teburin guga. Injiniya ya ce ya tafi da ita ne ya share mata ƙura. Sannu-Sannu ya zaci sun ɗauke ta ke nan, ya shirya yin rigima, sai ga ta an dawo da ita ranar Asabar, an goge ta tas.

"Ku sake sabon wasa, Baba," in ji Injiniya. "Karon farko kowa haka yake sha."

Ya sake. Wannan karon ya zauna ya yi nazarin inda ya yi kuskure. Ya ga ya sakar wa Sarkin Gishiri da yawa tun da wuri, kuma bai taɓa barin ko mayaƙi ɗaya kusa da shi ba. Ya sa matarsa ta samo littafin rubutu, yana faɗa tana rubutawa, tunda hannunsa bai gama dawowa ba. Kada ka yi wa ƙaramin sarki kyauta biyu a jere. Kada ka ƙi roƙonsa a gaban maƙwabcinsa. Idan biyu sun yi faɗa, ka ji ta bakin mai rauni tukuna.

Kuma abin ya yi aiki. Sarkin Gishiri ya sake shigowa ƙarƙashinsa, ya zauna lafiya. Uwar Tsibiri ta biyo. Kafin wata tara, sarakuna bakwai ne ke aiko masa da haraji, har da Jar Tuta kansa, ba tare da an harba kibiya ko ɗaya ba. Ya tura mayaƙansa ƙarshen taswira don gwaji, ya jira. Babu wanda ya motsa.

Mutumin ya dawo kamar yadda yake a da. Ya fara aske gemunsa da kansa. Harshensa ya saki, don kullum yana da abin faɗa. Idan Birki ya zo ranar Lahadi, sai ya zaunar da shi gaban taswira ya yi ta bayani.

"Kwamfuta ce fa, mutumina, ba ta da uwa ba ta da uba. Amma ko ita, in ka san yadda za ka bi da ita, sai ta ji kunyarka."

Birki ya ce, "Kai dai ai ko da fitilar kan hanya aka haɗa ka sai kun shirya."

A cikin watannin nan ne aka kira shi daga gareji. Sabon manajan da kansa ya bugo. Ya ce an buɗe sabuwar hanya, direbobin safe da na yamma sun rabu biyu a kanta, an rasa mai raba su, ko Baba zai taimaka ya leƙo? Sannu-Sannu ya sa kayansa masu kyau, ya ɗauki sanda, Birki ya kai shi. Aka buɗe masa tsohon ofishinsa, aka kawo shayi. Ya ji ta bakin waɗannan, ya ji ta bakin waɗancan, kafin a tashi aiki shugabanninsu biyu sun yi musabaha a gabansa. Da zai fita, direbobi suka yi ta danna hon. Ya dawo gida ya ci abinci har da ƙari, ya ce wa matarsa, "Ashe da saurana." Ita kuwa ta juya ta shiga kicin da sauri.

Fankar kwamfutar ce ta fara ƙara kamar injin niƙa, a makon da aka tura Injiniya wani aiki nesa. Auta ta ce a jira ya dawo. Sannu-Sannu ya ce mutumin da ya sasanta gareji guda ba zai kasa kai kwamfuta gyara ba. Ya sa ta a jakar matarsa ta cefane, ya tari tasi zuwa layin masu gyara.

Shagon da ya shiga na wata mata ce mai tabarau, teburinta cike da ƙananan kusoshi a murafun kwalba. Ta buɗe bayan kwamfutar, ta fitar da ƙura dunƙule guda, ta canza fankar. Da ta kunna don gwaji, wasan ya buɗe da kansa.

"Kai, Baba! Kuna yin wannan? Ni da maigidana har faɗa muke a kansa." Ta matso da fuskarta. "Bakwai? Ni uku na taɓa riƙewa, su ma suka haɗa kai suka cinye ni."

Ya gyara zama. Ya fara yi mata bayanin kyauta biyu a jere. Tana ji tana latsawa, ta buɗe wani shafi da bai taɓa gani ba, sai ta juyo ta dube shi.

"Wa ya sa muku wannan?"

"Wanne?"

"Akwai wani ƙari da aka ɗora a kan wasan. Kun ga wannan lambar? Ita ce biyayyar kowane sarki. Kamata ya yi ta riƙa hawa da sauka. Taku an ɗaure ta a ɗari, duka bakwai ɗin. An kuma toshe musu ikon yi muku yaƙi. Irin wanda ake sa wa masu koyo ne." Ta ɗago ta ga fuskarsa, muryarta ta sauka. "Na zaci kun sani."

"A'a, 'yata, ba ki gane ba. Ni ne na bi da su."

Ba ta yi musu ba. Ta juyo masa da kwamfutar. Ya kama linzamin da hannun hagu, ya buɗe wurin jakada, ya zaɓi Sarkin Gishiri. A ƙasan jerin akwai abubuwan da bai taɓa taɓawa ba cikin wata tara. Ya aika masa da zagi. Ya ninka masa haraji. Ya nemi ya miƙo babban birninsa, da wurin gishirin, ba tare da komai a madadi ba.

Amsa ta dawo nan take. Sarkin Gishiri ya ce abin alfahari ne a gare shi ya yi wa ubangidansa hidima. Birnin ya canza launi a taswira.

Ya zauna a bencin shagon har mai gyaran ta kawo masa ruwa. Ta tambaya ko ta cire abin. Ya ce ta bar shi tukuna.

Ya tarar da Auta a gida, ita da uwarta suna ninke wanki a falo. Ya ajiye jakar a tsakiyar kayan, ya zauna, ya jingine sandarsa.

"Wa ya ɗaure mini sarakuna?"

Auta ta dubi uwarta. Wannan kallon kaɗai ya ishe shi.

"Baba, ka tsaya ka ji. Ranar nan jininka ya kai inda likita ta ce in ya sake kaiwa, ba lalle ka tashi ba. Ni na ce a ɗauke kwamfutar gaba ɗaya. Injiniya ne ya ce in aka ɗauke za ka koma kallon labule, gara a gyara ta yadda ba za ta ɓata maka rai ba."

"Ke ma kin sani?" Ya juya ga matarsa.

"Malam, lafiyarka muka duba."

"Kin sani lokacin da nake faɗa kina rubutawa? Shafi nawa kika cika? Kina rubuta wa mahaukaci karatu, kina cewa madalla?"

"Ban taɓa ce maka mahaukaci ba."

"Ba ki ce ba. Kin dai riƙe biro."

Auta ta fara kuka. Ta ce ai hannunsa ya warke, bakinsa ya saki, wannan ba ƙarya ba ne. Ya ɗaga hannun ya dube shi, gaba da baya. Ya ce, "Hannun nawa ne. Abin da na zaci ya yi ne ba nawa ba." Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, abin da ya fi tsorata su ke nan.

Da Injiniya ya dawo, ya zo ya durƙusa a inda ya durƙusa ranar farko, ya ce, "Baba, ku yafe mini, ni na yi." Sannu-Sannu ya ce ya tashi, gwiwar wandonsa za ta yi datti.

Kwana uku yana juya abin a ransa, sai wani tunani ya shigo masa wanda ya fi na farko ɗaci. Ranar Lahadi da Birki ya zo, bai buɗe taswira ba. Ya ce su fita ƙofar gida. Suka zauna a dakali, motoci na wucewa.

"Mutumina, shekara nawa muke tare?"

"Sun fi talatin."

"To ka dube ni. Rigimar garejin nan, ta gaske ce?"

Birki ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. "Rigima kam an yi ta."

"Ban ce ba a yi ba."

"An yi ta... sai dai an riga an gama ta tun kafin ka je. Manaja ya raba hanyar. Auta ce ta same ni, ta ce ko za a ɗan kira ka, ka ga mutane. Na yi wa yaran magana, kowa ya ce in dai don Sannu-Sannu ne, za su sake faɗan daga farko." Ya yi ƙoƙarin dariya. "Wallahi har sun so su wuce gona da iri, sai da na taka musu birki. Ƙauna ce, mutumina. Mutum sittin ba sa yi wa wanda ba sa so haka."

"Hon ɗin ma?"

"Hon ɗin nasu ne. Ban sa su ba."

Sannu-Sannu ya gyaɗa kai. Yana so ya yarda da maganar hon ɗin, amma ya lura yanzu ba shi da abin da zai auna ta da shi. Ya tashi ya shiga gida, ya bar Birki a dakali. Lahadi biyu da suka biyo baya, da Birki ya zo, an ce masa Sannu-Sannu yana hutawa.

Ya koma wurin mai tabarau ta cire ƙarin. Ta kuma koya masa yadda zai sa kalmar sirri, ya zaɓi wadda ba ranar haihuwar kowa ba. Ya ɗauke kwamfutar daga teburin guga ya kai ta ɗakinsa. Da aka saki sarakunan, biyar daga cikin bakwai suka yi masa tawaye a rana ɗaya. Ya kalli daular tana rugujewa, ya auna jininsa da kansa, ya rubuta lambar a bayan kwalin magani. Tun daga nan ya sake farawa sau da yawa. Mafi yawan da ya taɓa riƙewa biyu ne, ɗayansu ma na ɗan lokaci. Ba ya ba kowa labari a wurin cin abinci.

Bai yi gaba da kowa ba. Yana amsa gaisuwar Injiniya, yana ɗaukar 'yar Auta a cinya, Birki ma ya dawo zuwa, ko da yake yanzu hirar tayoyi da tsadar mai suke yi. Sai dai wani abu ya zauna masa. Idan matarsa ta ce ya yi kyau da sabuwar riga, sai ya je madubi. Idan maƙwabci ya zo neman shawara, sai ya fara tambaya, "Wa ya turo ka?" Wani lokaci mutumin da gaske yake, ya tafi da mamaki.

Ranar da za a duba shi a asibiti, Auta ta zo da mota kamar kullum. Ya bari ta kai shi, amma da aka kira shi sai ya sa sandarsa a bakin ƙofa, ya ce ta jira a benci. Ya shiga shi kaɗai, ya zauna gaban likita, wadda ta riga ta buɗe fayil tana leƙen bayansa.

"'Yar taku ba ta zo ba?"

"Tana waje. Likita, ina da roƙo. Duk abin da ke cikin takardar nan, mai daɗi da marar daɗi, ni za ki faɗa wa. Ki faɗa mini da lambobinsa. In ban gane ba zan tambaya."

Likitar ta dube shi ta saman fayil ɗin na ɗan lokaci. Sannan ta jawo kujerarta kusa, ta juyo da takardar ta fuskance shi, ta ɗora biro a layin farko.

"To, Baba. Wannan ƙodarku ce. Ba ta yi mini daɗi ba."

Ya ciro tabaraunsa daga aljihu, ya sa, ya ce, "Ci gaba."